Zanen da Ke Ƙarƙashin Amsa

Tsakanin la'asar da magariba, a layukan da ke bayan Court Road a Gyadi-Gyadi, ba ka rasa ganin samari biyu ko uku a kan benci a ƙofar gida, ko a gindin rumfar mai cajin waya, sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Mai wucewa zai ɗauka ƙwallo suke kallo, kuma galibi ƙwallon ne. Amma da zarar lokacin jarabawa ya matso, daga watan Maris har tsakiyar damina, sai ka tarar da littafi a buɗe a cinyar wannan, biro a hannun wancan, fuskar wayar kuma cike da x da y. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare ne masu shirin JAMB da WAEC da NECO, ko 'yan shekarar farko a Jami'ar Bayero, ko Poli, ko Sa'adatu Rimi da ke can gaba a Titin Zariya. Kalkulas ne ya tare su.

Yadda abin ke gudana kusan ɗaya ne ko'ina. Mai wayar ya rubuta tambayar da malam ya bayar, ko ya ɗauki hotonta kai tsaye daga littafi. Kafin ya ɗago kai, amsa ta fito. Mai biro ya kwafe, a ɗauki hoton amsar a tura zauren WhatsApp na 'yan aji, a wuce tambaya ta gaba. Abin da ya ja hankalina shi ne inda babban yatsan mai wayar yake tsayawa: a layin farko, inda amsar take. Da zai ɗan ja shafin sama, da ya ga giraf ɗin tambayar a ƙasa, layi ya hau, ya lanƙwasa, ya gangaro. Shi ba a kwafe shi, tun da malam bai nema ba. A ganina kuwa, zanen nan da ake tsallakewa ya fi amsar da ake kwafewa daraja nesa ba kusa ba.

Manhajojin sanannu ne. Akwai WolframAlpha, wadda kamfanin Stephen Wolfram ya buɗe a intanet a watan Mayun 2009. Ita ce mai zurfi, tana ba da amsa da zane, sai dai mai son ganin matakan aiki dalla-dalla sai ya biya. Akwai GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a 2001 yana ɗalibin digiri na biyu a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya. Akwai Desmos ta Amurka, wadda ta fito a 2011, ita zane ne babban aikinta, kuma kyauta ce. Sai Photomath ta ƙasar Kuroshiya, mai karanta tambaya ta kyamara, wadda Google ya saye daga baya. Duk suna shiga wayar Android mai matsakaicin kuɗi, har da ta hannu irin wadda ake ciniki a kasuwar waya ta Farm Centre. A 1985 kamfanin Casio ya fitar da kalkuletar farko mai zana giraf, kuma an daɗe irinta tana zama kayan kallo ga ɗalibin Kano. Yau wadda ta fi ta iya aiki tana aljihun yaron da kuɗin datar mako ma sai an yi masa karo-karo.

Wanda ya yi sakandare kafin zuwan waɗannan wayoyi ya san wahalar da ke cikin zana layi guda. Sai ka sayi littafin giraf mai ƙananan gidaje. Sai ka cike jadawali, ka lissafa y ga kowane x daga -3 zuwa 4, kana kaffa-kaffa da alamar ragewa. Sai ka bi ma'aunin da aka ba ka, santimita 2 ga ɗaya a layin kwance, santimita 2 ga biyar a layin tsaye. Ka fiƙe fensir, ka ɗiga ɗigo takwas. Daga nan sai aikin tsintsiya: ka zaro tsinke mai laushi, ka lanƙwasa shi ya bi ta kan ɗigon duka, abokin zamanka ya danne maka gefe ɗaya, kai kuma ka bi jikinsa da fensir numfashinka a riƙe. In an gama wannan sai tambaya ta ƙarshe ta zo: nemo giradiyan, wato yawan hawa ko gangarar layin, a inda x yake 2. Ka ɗora rula ta shafi lanƙwasar a wurin ba tare da ta ratsa ta ba, ka ja layi, ka ƙirga gidaje sama da gefe, ka raba. Wannan ya sami 3.8, wancan 4.2, duka malam ya karɓa, domin idon kowa da yadda ya ɗora rularsa. Har gobe ana yin wannan tambaya a WAEC.

Wahalar nan ta koyar da abu. Hannun da ya ɗiga ɗigo takwas ya san cewa layi ba daga sama ya faɗo ba, kowane wuri a jikinsa lissafi ne. Amma ta ɓoye wani abin. Darasi sukutum yana ƙarewa a kan layi ɗaya, saboda haka ba mai tambayar abin da zai faru in an mai da 2 ta koma 3, don amsar wani minti arba'in ne. Da aka zo kalkulas kuma sai ya shigo a matsayin doka ta hadda: sauko da lambar sama, ka rage mata ɗaya. x² ya zama 2x, x³ ya zama 3x². Aji ya amsa baki ɗaya, a ci jarabawa. Kaɗan ne suka taɓa gane cewa wannan dokar da waccan rular da suka ɗora a jikin lanƙwasa abu ɗaya suke nema.

A nan ne wayar ke yin abin da allo da alli ba sa iyawa. Rubuta y = x² a Desmos ko GeoGebra. Layi zai fito mai siffar harafin U. Zaɓi wuri ɗaya a jikinsa, a ce inda x yake 3, y yake 9. Ɗora yatsu biyu a wurin ka buɗa su, irin buɗawar da kowa ya iya don ƙara girman hoto. Lanƙwasar za ta ragu. Ƙara buɗawa, ta ƙara raguwa. Ka ci gaba, sai ka ga layin ya miƙe samɓal. Ba wanda ya taɓa lissafin. Matsowa kawai aka yi.

Wannan miƙaƙƙen layin ana iya auna hawansa. Daga 3 zuwa 3.1, y ya tashi daga 9 zuwa 9.61. Raba 0.61 da 0.1, ka sami 6.1. Rage takun, daga 3 zuwa 3.01, ka sami 6.01. Ƙara ragewa zuwa 3.001, ka sami 6.001. Ko ba a faɗa ba kowa ya ga inda aka dosa. Dokar hadda kuwa cewa ta yi 2x, biyu sau uku, shida. Difarenshiyeshan ke nan ɗungurungum: duk layin da ya lanƙwasa sumul, in ka matso kusa da shi sosai miƙaƙƙe ne, abin tambaya kawai shi ne yaya hawansa yake a daidai nan. Duniya mulmulalliya ce, amma maginin da ke jan igiya yana awon fuloti a Darmanawa bai taɓa sa lanƙwasarta a lissafinsa ba, kuma gininsa bai karkace ba, domin fulotin ya yi ƙanƙantar da lanƙwasar ba ta bayyana a cikinsa.

Abin da yaro ke yi da yatsu biyu, Isaac Newton a Ingila da tunani ya yi shi a shekarun 1660, haka ma daga baya Gottfried Leibniz na Jamus, wanda ya buga nasa a 1684. Alamar dy/dx da doguwar S ta intigireshan da ɗalibai ke kwafewa a yau, na Leibniz ne. Kuma sai a ƙarni na 19, a hannun masana irin su Cauchy da Weierstrass, aka daidaita ma'anar wannan matsowa da ba ta ƙarewa ta zauna daram. Abin da ya ɗauki manyan masana kusan shekara ɗari biyu kafin ya kwanta musu, ba abin kunya ba ne in ya ruɗa ɗan shekara goma sha bakwai a zango ɗaya. Abin takaici dai shi ne a ce hoton da zai warware masa ruɗanin yana hannunsa bai duba ba.

Har inda dokar ke karyewa ma yatsu suna nunawa. Rubuta y = |x|, zai fito da siffar V. Buɗa tsinin da ke ƙasa. Ko ka wuni kana buɗawa, tsini ne, ba ya miƙewa. Hagu gangara, dama hawa, babu layi ɗaya da zai wakilci biyun. Littafi yana cewa ba a difarenshiyeshan a wannan wurin, ɗalibi ya haddace bai san dalili ba. Gani ya kori ji.

Abu na biyu shi ne motsi. In ka rubuta y = ax², Desmos za ta ba ka wani ɗan maɓalli da ake ja dama da hagu don canja darajar a. Ja shi dama, bakin U ya tsuke. Dawo da shi, ya buɗe, ya yi ta buɗewa har ya kwanta miƙe a kan sifili. Wuce sifili, ya kife. A minti ɗaya yaro ya ga layukan da suka fi duk waɗanda yayansa ya zana a shekara shida na sakandare. Tambayar da ake tsoro a da, “in an canja wannan fa?”, ta zama mafi arahar tambaya.

Ɗauki wata tambaya da littattafai ke so, wadda kuma mai ƙera akwatin ƙarfe zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kana da fallen ƙarfe mai kusurwa huɗu, santimita 60 kowane gefe. Za ka yanke ɗan murabba'i a kowace kusurwa, ka naɗo gefunan sama, ya zama akwati marar murfi. Nawa za ka yanke don ya fi ɗaukar kaya? In ka yanke santimita 5, akwatin mai faɗi ne marar zurfi, lita 12.5 yake ci. In ka yanke 15, mai zurfi ne amma ya tsuke, lita 13.5. Manhaja za ta ce maka 10, lita 16. Mai biro ya rubuta 10, ya rufe littafi.

Zanen kuwa yana da sauran magana. Layi ne da ya hau, ya kai ƙololuwa, ya sauko, kuma a kan ƙololuwar ya ɗan kwanta, ba hawa ba gangara. Dalilin da ya sa malam ke cewa a daidaita giradiyan da sifili ke nan. Sannan kwanciyar nan tana da amfani ga mai sana'a: in almakashinsa ya kuskure ya yanke 9 ko 11, akwatin zai ci kusan lita 15.9, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Lambar 10 ita kaɗai ba ta faɗi wannan. Akwai kuma tarko. Lissafin yana fitar da amsa ta biyu, 30, kuma wanda ya yanke santimita 30 daga kowace kusurwar falle mai 60 ba abin da ya rage masa. A zane, nan ne layin ya taɓa ƙasa. Wanda bai duba ba yana iya rubuta amsoshin biyu ya ja musu layi da alfahari.

Mutanen unguwar nan ma sun daɗe suna karanta giraf, ko da ba su kira shi da sunan ba. Duk uwar da ta kai jaririnta awo da rigakafi, a Asibitin Malam ko a ƙaramin asibitin unguwa, ta san katin nan mai lanƙwasassun layuka, watanni a kwance, kilo a tsaye. Ma'aikaciyar jinya tana ɗiga nauyin wannan wata, ta haɗa shi da na watan jiya, ta dubi inda layin ya fuskanta. In yana hawa, madalla. In ya kwanta, sai ta fara tambaya, “Maman yaro, yana shan nono sosai kuwa? Ya yi gudawa?” In ya gangaro, magana ta girma. Yaro ƙarami da layinsa ke hawa ya fi kwantar da hankali a kan ƙato da layinsa ya tsaya wata uku. Giradiyan take karantawa, kuma uwar ma ta koya.

Ko ka tsaya a Kasuwar Tarauni washegarin ranar da rediyo ya ce Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da saukar hauhawar farashi. Za ka ji ana cewa, “Wace irin sauka? Su zo su tambayi kwanon shinkafa.” Sau da yawa mai rediyo da mai cefane duk gaskiya suke faɗa. A ce, don misali, kwano ya tashi daga naira 2,000 zuwa 2,600 bara, ƙarin kashi 30 cikin ɗari. Bana ya kai 3,120, ƙarin kashi 20. Hauhawa ta sauka daga 30 zuwa 20, kuɗin kwano kuma ya ƙaru. Layin yana nan yana hawa, tsananin hawan ne ya ragu. Bambanci tsakanin tsayin layi da hawansa, wanda ke kayar da ɗalibai a jarabawa, shi ne dai ke haddasa gardama a bakin teburin mai awo. Yaron da ya ga wannan a zane sau ɗaya zai iya raba gardamar da kara a ƙasa.

Ɗaya ɓangaren kalkulas ɗin, intigireshan, shi ma yana manne a bangon gidaje. Mitar wuta mai kati aikinta ke nan. Yanzu fanka kaɗai ke juyawa, an jima an kunna dutsen guga, da dare firiji da talabijin. Jan wutar yana hawa yana sauka, ita kuma mitar tana tara na kowane ɗan lokaci a kan na baya har yunit ya ƙare. In ka zana jan wutar a giraf, abin da aka sha shi ne faɗin filin da ke ƙarƙashin layin. GeoGebra tana iya yanka wannan filin siriri-siriri a gaban idonka. Ɗauki ƙarƙashin y = x² daga 0 zuwa 3. Yanka uku, kowane yanki ya tsaya ƙasa da layin, jimla 5. Yanka talatin, 8.555. Yanka ɗari uku, 8.955. Gibin da ke tsakanin yankunan da layin yana shuɗewa, jimla tana dosar 9, amsar da doka ke bayarwa a layi biyu. Wannan dabarar yanka da tarawa tsohuwa ce. Kimanin shekara dubu da suka wuce, Hasan Ibn al-Haisam, masanin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya bi ta ya gano cikin wani mulmulallen jiki mai lanƙwasa, bayan ya samo hanyar tara lambobin da aka ninka kowace da kanta sau huɗu. Shi da alƙalami ya yi. Mu ja kawai muke yi da yatsa, kuma ko jan ma muna ƙyuya.

Sai kuma wani dalili da ya fi kusa da aljihun ɗalibi, wato maki. Na'ura ba ta yin kuskuren lissafi irin namu, amma abin da ka rubuta take amsawa, ba abin da kake nufi ba. Yaro yana son ɗaya bisa x da ɗaya, sai ya rubuta 1/x+1, ya manta baka. Na'ura ta raba ɗaya da x tukuna, sannan ta ƙara ɗaya. In x ɗaya ne, ta ba shi 2, alhali abin da littafi ke nema, 1/(x+1), rabi ne. Ko ya rubuta sin 30 a Desmos yana jiran 0.5 da ya haddace, sai ya ga -0.988, domin manhajar da radiyan take farawa, shi kuma digiri ke kansa. Ko log 100: kalkuletar Casio ta ce 2, WolframAlpha ta ce 4.605, domin ita in ba ka fayyace ba, log na tushen e take ɗauka, kuma tana rubuta hakan a shafin ga mai karantawa. Duk waɗannan amsoshi suna fitowa tsaf, babu alamar shakka a jikinsu. Wanda zai kama su shi ne wanda tun kafin ya danna yana da zaton abin da ya kamata ya gani.

Na taɓa zama a bayan aji a wata makarantar lesin a Tarauni, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ranta a ɓace. An ba su intigireshan na 2 sin x cos x. Ita ta yi da hannu ta sami sin²x. Ƙawarta ta bi wata hanya ta sami -cos²x. Waya kuma ta ba su wata amsa ta uku mai cos 2x a ciki.

“Malam, to wa ya ci a cikinmu? Ko wayar ce ta yi ƙarya?”

“Kawo wayar. Ta wace ce?”

“Ta yayana ce, Malam, aro na yi.”

“To kafin ya aiko a karɓa, rubuta min duka ukun a wuri ɗaya, ki zana.”

Ta rubuta. Layuka uku suka fito, masu hawa da sauka iri ɗaya sak, ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙasa.

“Me kika gani?”

“Abu ɗaya ne, Malam. Ɗaga shi kawai aka yi.”

“To wannan ɗagawar ita ce C ɗin da kullum nake rage muku maki in kun manta. Dukanku kun ci, in kun rubuta ta.”

Ajin ya ɗauki hayaniya. Watanni ana ce musu a ƙara C a ƙarshen amsa, suna ɗaukarta wata al'ada ce ta malaman lissafi. Ba su taɓa ganinta da ido ba sai ranar.

Malamai da yawa ba sa son ganin wayar ko kaɗan, kuma suna da hujja. Aikin gida ya rasa ma'ana. Yara arba'in su kawo amsa ɗaya, da matakai iri ɗaya, wani lokaci har da salon rubutun da ba a koya musu ba. Ranar jarabawa kuwa waya a waje take kwana. JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, 'yar ƙaramar kalkuleta kawai take ba ka a fuskar na'ura. WAEC da NECO ba sa yarda da kalkuletar da ake shirya wa aiki, balle waya. Wanda ya shekara yana kwafe zai zauna da fensir da takardar giraf ya rasa ta inda zai fara, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma rashin daidaito. Wani da wayarsa, wata sai ta jira yayanta ya dawo daga kasuwa, wani gidan ma babu. Data na ƙarewa, wuta na ɗaukewa. Sai dai a nan akwai ɗan sauƙi da ba kowa ya sani ba: manhajojin Desmos da GeoGebra, in an sauke su a waya sau ɗaya, suna zane ko babu intanet. Amsa ce ke cin data da kuɗi. Zanen, wanda ya fi amfani, shi ne na kyauta.

Hana wayar ba zai yiwu ba, ta riga ta shiga aljihu. Abin da ke hannun malam shi ne tambayar da yake bayarwa. Muddin aikin gida shi ne “nemo dy/dx” sau ashirin, na'ura ce za ta yi shi, domin irin aikin da aka ƙera ta don shi ke nan. Amma a ce malam ya ce: kafin ka taɓa waya, zana da fensir yadda kake zaton layin zai fito, ina zai ratsa layin kwance, ina zai hau, ina zai juya. Sannan ka buɗe manhaja ka duba. Sannan ka rubuta min, da kalmominka, inda zatonka ya saɓa da abin da ka gani, da dalili. Wannan ba ya kwafuwa daga zauren WhatsApp, domin kuskuren kowa nasa ne. Hannu ya yi aikin da zai yi ranar jarabawa, ido kuma ya ga abin da littafin giraf ba ya iya nunawa. Makarantar da ba kowa ke da waya ba, waya ɗaya ta malam ta isa, a zagaya da ita layi-layi bayan kowa ya gama zanensa.

Iyaye ma suna da abin yi, ko da ba su taɓa jin sunan Leibniz ba. Uban da ya ga ɗansa ya duƙufa a kan waya ya ce masa lissafi yake yi, ba ya iya tantance amsar, amma yana iya cewa, “Nuna min zanen. A ina ya hau? Me ya sa ya juya a nan?” In yaro ya iya bayani da Hausa har uban ya gyaɗa kai, to karatu yake yi, a saya masa data. In ya fara inda-inda yana nuna lambar da ke sama, kwafe yake yi, kuma gara a gane tun a watan Maris da a gane ranar da sakamako ya fito.